Kalmar "Featherbedding" a Tarihin Ƙwadago da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Akwai kalmomin da ba a ƙirƙire su don bayyana abu kawai ba, an ƙirƙire su ne don cin nasara a gardama. Duk wanda ya furta irin wannan kalma, to ya riga ya yanke hukunci a kan al'amarin tun kafin a saurari ɗaya ɓangaren. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato kalmar Ingilishi ta "featherbedding", wadda ake amfani da ita idan ana nufin tilasta wa mai masana'anta ɗaukar ma'aikata fiye da yadda aiki yake buƙata, ko riƙe wani gurbin aiki bayan amfaninsa ya wuce. Za a bi tarihin kalmar a ƙasar Amurka inda aka haife ta, a leƙa Ingila inda ma'anarta ta sauya, sannan a duba abin da mai fassara zuwa Hausa zai yi da ita. Dalilin wannan nazari shi ne, a dubi yadda ake maye gurbinta da kalmomin Hausa irin su "cima-zaune" da "ma'aikatan bogi" a fassarar labarai, alhali kowace daga cikinsu tana ɗora laifi a kan mutum daban.

2.0 Ƙirar Kalmar da Asalinta

Ta fuskar ƙira, kalmar harɗaɗɗiya ce. An haɗa suna mai nufin gashin tsuntsu da suna mai nufin gado, suka ba da sunan katifar da ake cusa wa gashin tsuntsaye, wadda a ƙasashen sanyi ita ce shimfiɗar masu hali. Daga wannan suna aka samu aikatau mai nufin shagwaɓa mutum ko sauƙaƙa masa rayuwa fiye da kima, sannan aka liƙa wa aikatau ɗin ɗafa-ƙeya ya koma sunan aiki. Da Bahaushe ne ya ƙirƙiro ta, da wataƙila katifar audugar rimi zai ambata, ya kwatanta ta da tabarmar kaba. Abin lura dai shi ne, babu wani ɓangare na kalmar da ya ambaci ma'aikata ko yawansu. Hoton da ke cikinta na mutum ne kwance a kan laushi alhali ana biyan sa.

Ma'anar da ta shafi ƙwadago ta ɓulla ne a harkar jiragen ƙasa na Amurka a farkon ƙarni na 20. Akwai wata hikaya da ake yawan bayarwa, cewa wai wasu ma'aikatan jirgin kaya sun koka da taurin shimfiɗar da ke cikin taragon da suke kwana, sai shugabansu ya tambaye su cikin gatse ko katifar gashin tsuntsu suke so a kawo musu. Irin wannan hikaya ta asalin kalma ba a cika dogara da ita ba, amma ta nuna abu guda na gaskiya: daga bakin maigida kalmar ta fito, kuma da gatse aka faɗe ta.

3.0 Jiragen Ƙasa: Mahaifar Kalmar

Domin a fahimci kalmar sosai, dole a san yadda ake biyan ma'aikatan jirgi a Amurka. Ba da sa'o'i kaɗai ake lissafin aikinsu ba, har da nisan tafiya. Bayan dokar Adamson ta 1916, wadda ta kafa aikin sa'a 8 a rana, sai ya zama tafiyar mil 100 a jirgin kaya ita ce aikin yini guda, wato kusan nisan Kano zuwa Zariya. A lokacin da jirgi ke tafiyar mil 12 da rabi a sa'a, wannan lissafi daidai yake. Amma da jirage suka ƙara sauri, sai ya zama ma'aikaci na iya cinye mil 100 cikin sa'a 3 ko 4, ya karɓi ladan yini. Ba ha'inci ya yi ba, yarjejeniya ce aka rattaba wa hannu. Fasaha ce ta ci gaba ta bar yarjejeniyar a baya.

Bayan wannan, jihohi da dama sun kafa dokokin da suka ƙayyade mafi ƙarancin adadin mutanen da za su kasance cikin jirgi. Jihar Akansas, alal misali, ta yi doka a 1907 cewa dogon jirgin kaya sai ya ɗauki direba da mai hura wuta da madugun jirgi da masu birki 3. Kamfanoni suka kai ƙara, amma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar a 1911. Hujjar masu dokar ita ce tsaron rai, kuma ba hujja ce ta wasa ba, domin a wancan zamani aikin birki da haɗa taragu yana daga cikin ayyukan da suka fi halaka mutane da guntule musu yatsu.

Gardamar da ta fi shahara, wadda kuma ta sa kalmar ta shiga bakin kowa, ita ce ta mai hura wuta. A jirgi mai amfani da tururi, wannan mutum shi ne ke ɗibar kwal da shebur yana zubawa cikin murhu tun daga tashi har isa, kuma daga wannan matsayi ne ake girma a zama direba. Da kan jirgi mai amfani da man dizal ya fara shigowa a shekarun 1930, sai ga jirgi ba murhu, ba wuta. A 1937 ƙungiyar masu hura wuta ta cim ma yarjejeniya da kamfanoni cewa za a ci gaba da sanya ɗan ƙungiyarta a cikin jiragen dizal. Kamfanonin sun amince ne a lokacin da irin waɗannan jirage ba su da yawa. Kafin shekara 20 ta cika, dizal ya kori tururi kusan baki ɗaya, aka wayi gari da dubban masu hura wuta a jiragen da ba su da wuta.

A 1959 ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta buɗe kamfe a jaridu, tana cewa wannan al'ada tana ci musu dala miliyan 500 a kowace shekara. Kalmar nan ita ce makaminsu, kuma ta yi musu aiki ƙwarai, domin mai karanta jarida ba ya buƙatar sanin komai game da jirgi kafin ya ji haushin mutumin da aka ce yana kwance a kan katifa. Su kuwa ma'aikatan ba su taɓa karɓar sunan ba. Abin da suke cewa shi ne, mutum na biyu ido ne na biyu: shi ke duban hannun hagu na hanya inda direba ba ya gani, shi ke leƙa inji idan ya sami matsala, shi ne kuma zai tsai da jirgi idan direba ya faɗi. Shugaba Eisenhower ya kafa hukumar bincike a 1960, ta kuma ba da rahoto a 1962 wanda ya goyi bayan kamfanoni game da jiragen kaya da na cikin tasha. Da yajin aiki na ƙasa baki ɗaya ya ƙarato, Majalisar Dokoki ta yi doka a watan Agusta na 1963, Shugaba Kennedy ya sa hannu, aka tilasta wa ɓangarorin biyu miƙa al'amarin ga kwamitin sulhu. A watan Nuwamba na shekarar kwamitin ya yanke cewa ana iya soke kashi 90 cikin 100 na waɗannan gurabe, amma a hankali, tare da kare waɗanda suka daɗe a bakin aiki. Duk da haka ba a gama da batun ba sai a yarjejeniyar 1985, wadda ta ce duk gurbin da mai shi ya bari ba za a sake cike shi ba. Wato daga 1937 zuwa 1985, shekara 48 aka yi ana ja-in-ja a kan kujera guda a cikin kan jirgi.

4.0 Makaɗa, Maɗaba'a da Hukuncin Kotu

Ba a jirgi kaɗai aka yi wannan gardama ba. Kafin 1927 gidajen silima na Amurka suna ɗaukar makaɗa su riƙa kiɗa yayin da ake nuna fim, domin fim ɗin ba ya magana. Da fim mai sauti ya fito, dubban makaɗa suka rasa abinci cikin 'yan shekaru, ga kuma faifan garmaho da rediyo suna cin sauran kasuwar. Ƙungiyar makaɗa, ƙarƙashin James Petrillo wanda ya shugabance ta daga 1940 zuwa 1958, ta mai da martani da hanyoyi biyu: ta hana 'ya'yanta naɗar faifai daga 1942 zuwa 1944, ta kuma matsa wa gidajen rediyo da na wasa su biya makaɗan gari kuɗin zaman jira ko da baƙin makaɗa ne suka yi wasan. Wannan ya sa majalisa ta yi dokar Lea a 1946, wadda ta haramta tilasta wa gidan rediyo ɗaukar mutanen da suka wuce buƙatarsa. An soke wannan doka a 1980.

A 1947 kuma aka yi babbar dokar ƙwadago ta Taft-Hartley, duk da cewa Shugaba Truman ya hau kujerar na-ƙi. Wani sashe nata ya haramta wa ƙungiyar ƙwadago tilasta wa maigida biyan kuɗi a kan aikin da ba a yi ba kuma ba za a yi ba. A nan ne aka ga bambancin da ke tsakanin kalmar kamfe da kalmar shari'a. Dokar ba ta ce aikin da ba shi da amfani ba. Ta ce aikin da ba a yi ba. A 1953 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu a rana guda bisa wannan bambanci. Ɗaya ya shafi makaɗan garin Akron na jihar Ohayo, waɗanda suka ce a shirye suke su yi kiɗa ko da mai gidan wasan ba ya so. Ɗaya kuwa ya shafi masu jera haruffa a maɗaba'un jaridu, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa.

A wancan zamani, idan mai talla ya aiko da tallarsa a shirye cikin wani kwali da aka riga aka matsa haruffan a jikinsa, maɗaba'a tana iya zuba dalma a kai ta buga ba tare da an jera harafi ko ɗaya ba. Ƙungiyar masu jera haruffa ta ga cewa wannan zai rage wa 'ya'yanta aiki, don haka ta kafa sharaɗi cewa ko an buga tallar da kwalin, sai an sake jera ta da hannu daga baya, a karanta a gyara kurakurai, sannan a narkar da haruffan ba tare da an buga komai da su ba. Bahaushe zai kira wannan aikin baban giwa. Su kansu ma'aikatan suna kiransa "bogus", wato jabu, kalmar da bisa dukkan alamu ita ce Hausa ta ara ta zama "bogi". Kotu ta ce tun da dai mutanen suna yin aikin da hannunsu, dokar ba ta hau kansu ba. Ko aikin na da amfani ko babu, wannan magana ce da maigida da ƙungiya za su daidaita a teburin ciniki. Da wannan hukunci sashen dokar ya zama kusan fanko. A ra'ayin mai wannan maƙala alƙalan sun yi hangen nesa, domin da kotu ta ɗauki nauyin tantance wane aiki ne mai amfani, da ta zama manajan kowace masana'anta a ƙasar.

5.0 Yadda Ma'anar Ta Sauya a Ingila

A Ingila kalmar ta fi riƙe tsohuwar ma'anarta ta shagwaɓawa. A 1950 wani ƙaramin minista a ma'aikatar abinci, Stanley Evans, ya yi amfani da ita wajen sukar tallafin da gwamnati ke bai wa manoma, kuma maganar ta yi sanadin barinsa muƙamin. A nan babu ƙungiyar ƙwadago, babu yawan ma'aikata. Gwamnati ce mai shimfiɗa katifar, manoma ne masu kwanciya. Idan Ingilishin Ingila zai yi maganar yawan ma'aikata, ya fi amfani da kalmar "overmanning", wadda ƙidaya kawai take nunawa.

Al'adar kanta kuwa ta yi ƙarfi a tashoshin jiragen ruwa da maɗaba'un titin Fleet na Landan. A can har an samu ma'aikatan wucin gadi da ke karɓar lada da sunayen ƙarya don guje wa haraji, abin da ya sa hukumar haraji ta yi musu afuwa a 1979 bisa sharaɗin su daina. Jaridar The Times ta daina fitowa kusan shekara guda, daga ƙarshen 1978 zuwa Nuwamba 1979, saboda rikici a kan sababbin na'urori da adadin masu sarrafa su. Al'amarin ya ƙare a 1986 lokacin da Rupert Murdoch ya kwashe jaridunsa zuwa sabuwar maɗaba'a a unguwar Wapping, ya sallami ma'aikata fiye da 5,000 da suka shiga yajin aiki.

6.0 Matsalar Fassara Zuwa Hausa

Mai fassara da ya ci karo da wannan kalma yana da zaɓi da yawa, kuma yawancinsu tarko ne. Fassarar baƙi da baƙi, wato "katifar gashin tsuntsu", ba za ta isar da komai ga mai sauraro ba. Aron kalmar da hausantar da furucinta shi ma bai dace ba, domin ba ta shiga bakin ma'aikatan Nijeriya yadda "lebura" da "fansho" da "obataya" suka shiga ba.

"Ma'aikatan bogi" kuskure ne kai tsaye, ko da yake tarihin kalmar "bogi" yana da jan hankali kamar yadda aka gani a sama. Ma'aikacin bogi babu shi. Suna ne a takardar albashi, wani ke karɓar kuɗin. Irin su ne Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar a watan Fabrairu na 2016 cewa ta cire 23,846 daga jerin masu karɓar albashi. Wannan sata ce. Mai hura wutar jirgin dizal kuwa mutum ne mai rai, yana zuwa aiki a kan lokaci, kuma akwai yarjejeniya a rubuce da ta ajiye shi a wurin. "Cima-zaune" da "zaman kashe wando" sun fi kusa da gatsen da ke cikin kalmar ta asali, sai dai sun wuce gona da iri, domin suna zargin halin mutum da lalaci, alhali mai jera haruffan da za a narkar gumi yake yi. "'Yan rakiya" ta dace da makaɗan zaman jira, amma ba ta dace da sauran ba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi ta kalmomi zurfi, wato bambancin tarihi. A Amurka daga ƙasa abin ya taso: ƙungiya ce ke kare gurbin ɗanta daga inji. A Nijeriya kuwa yawan ma'aikata a hukumomin gwamnati daga sama ya sauko. Jihohi sun tashi daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, zuwa 21 a 1987, zuwa 30 a 1991, zuwa 36 a 1996, kuma kowace sabuwar jiha sai ta kafa ma'aikatu da hukumomi nata. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, da ƙarin albashin Udoji da ya biyo bayan rahoton 1974, sun sa aikin gwamnati ya zama abin da kowa ke nema wa ɗansa da ɗan ƙanensa. Wanda ke ba da takardar ɗaukar aiki shi ne mai iko, ba ƙungiyar ƙwadago ba. Amma idan lokacin ragi ya zo, kamar korar ma'aikata fiye da 10,000 da gwamnatin Murtala ta yi a 1975 da sunan gyara, ko ragin 1984, ko wanda ya biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, ƙaramin ma'aikaci ne ke ɗaukar sunan cima-zaune, wanda ya cusa shi kuwa ba a ambatonsa. Saboda haka idan mai fassara ya ɗauko kalmar da aka ƙera don zargin ƙungiyar ƙwadago a Amurka ya ɗora ta a kan ofishin Nijeriya, ya canza mai laifi ba tare da ya sani ba.

Har ila yau, tunanin Bahaushe game da yawan mutane bai yi daidai da na mai masana'anta ba. Mai arziki a ƙasar Hausa ana auna shi da yawan masu ci a ƙarƙashinsa, kuma attajirin da ya sallami yaron shago don kawai ciniki ya ragu ba yabo zai sha ba. Karin maganar da ke cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya tana yabon yawa ne. Amma harshen bai rasa ta kishiyarta ba, tun da yana da "taron tsintsiya ba shara". Wannan na nuna cewa Hausa ta san bambanci tsakanin yawan da ke da amfani da wanda ba shi da shi, abin da ba ta da shi kawai shi ne keɓaɓɓiyar kalma ta fagen ƙwadago.

Shawarar da wannan maƙala ke bayarwa ita ce a raba ma'anar gida uku. Idan ƙidaya kawai ake nufi, ba tare da zargin kowa ba, a ce "rarar ma'aikata". Idan masu iko ne suka ɗebo mutane ta hanyar alfarma suka zuba a ma'aikata, a ce "cushen ma'aikata", domin aikatau ɗin "cusa" yana buƙatar mai aikatawa, kuma mai sauraro zai tambayi wane ne ya cusa. Idan kuwa ma'anar Amurka ake nufi, inda yarjejeniya ko doka ta hana a soke wani matsayi, a ce "gurbin dole", sannan a bayyana wanda ya kira shi da sunan zargi, a ce kamfanoni sun ce kaza.

Wannan taka-tsantsan na ƙarshe ba na ado ba ne, domin gardamar mutum na biyu ba ta mutu ba. A watan Yuli na 2013 wani jirgin ɗaukar mai da mutum ɗaya tak ke tuƙawa, wanda aka ajiye shi da dare ba kowa a ciki, ya gangaro cikin garin Lac-Mégantic na ƙasar Kanada ya kama da wuta, mutum 47 suka mutu. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da jiragen ƙasa ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta mutum 2 a yawancin jiragen kaya, kamfanoni kuma suka garzaya kotu suna cewa babu shaidar da ta nuna hakan na ƙara tsaro. Mai fassara wannan labari zuwa Hausa, idan ya rubuta "gurbin dole", ya faɗi abin da ƙa'idar ta yi. Idan ya rubuta "cima-zaune", ya shiga shari'ar a ɓangaren kamfanoni.